Mai Riƙon Kuwwa

Ranar da aka damƙa mini lambar sirri
shugaban jami'a ya ɗaga yatsa ɗaya:
"Zuwaira, wannan na gobara ne,
na ambaliya, na ranar da ba ma fata.
Taɓawa ɗaya, salula dubu tara su yi kuka tare."
Na rubuta lambar a bayan katin rigakafina,
na ce Allah ya sa ta tsufa ban neme ta ba.

Wata biyar shiru.
Injin yana barci, ni ma ina samun nawa.

Sai Malam Mutari na ofishin kuɗi ya leƙo,
gumi har haɓa:
"Kuɗin ɗalibai sun sauka, za su cire mini taga.
Layi ɗaya tak, don girman Allah."
Na taɓa.
Daga babban zaure har ɗakin kwanan ƴan mata
guɗa ta tashi kamar an yi haihuwa a kowane ɗaki.
Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Daga nan ƙyaure ya ɓalle.
An ɗaga jarrabawar lissafi zuwa Laraba.
Motar ruwa za ta tsaya bayan laburare ƙarfe huɗu,
kowa ya zo da jarkarsa
(wannan kam, a Damagaram,
wa zai ce mini ba gaggawa ba ce?)
Babu burodi a kicin yau.
An tsinci katin wani Laminu Ciroma a Kasuwar Dole.
Mahaifiyar mai gadi ta rasu a Mirriya, jana'iza bayan azahar.
Dokta ya sauya aji.
Dokta ya koma ajinsa na da.

Na zama sankira mai kujera da fanka,
ina shela ba tare da maƙogwarona ya bushe ba.

Wata yamma cikin taksin Sabon Gari
wayar yarinyar da ke gefena ta yi kukan da na sani.
Ko dubawa ba ta yi ba.
Ta ce wa ƙawarta, "Jami'a ce, ƙyale ta."
Na juya ina kallon duwatsu
kamar yau na fara ganinsu.
Kakata a Birni takan ce
gangar da ta cika zaƙi ta kusa fashewa.
Tawa ba ta fashe ba,
kunnuwa ne suka yi kanta.

Daren Alhamis, ƙarfe ɗaya saura,
aka kira ni daga babban asibiti.
Hasiya, ƴar shekara ta biyu, kabu-kabu ya kayar da ita,
jininta irin wanda ba a cika samu ba.
Na rubuta GAGGAWA.
Na goge, don na tuna na taɓa sa wa burodi ita.
Na nemi wata kalmar da ban cinye ba,
ban samu ba.
Na mayar da ita, na aika,
na ɗauki mayafi na tafi ƙofar asibiti na zauna.

Salula dubu tara.
Mutum bakwai suka zo.

Na shidansu, wani siriri mai suna Nafi'u,
takalminsa wari da wari,
nasa ne ya dace.
Yana kwance, allura a hannu, yake ce mini:
"Wallahi na zaci kuɗi ne suka sauka, shi ya sa na buɗe."

To, ku yi mini hisabin nan.
Surutuna ne ya rufe kunne dubu takwas da ɗoriya,
surutun nan kuma shi ya koya wa yatsan Nafi'u buɗewa.

Hasiya ta farka da asalatu, ta nemi ruwa.

Ƙarfe takwas ina ofis, idona ja.
Ga Malam Mutari a ƙofa da ƴar takarda,
murmushinsa na mai neman layi ɗaya.
Na ce ya zauna.
Na dafa mana shayi,
na bar shi ya daɗe a wuta.